Ni na kawo gwajin ɗaukar aiki a kamfaninmu, ga shi ɗan yayana ya faɗi

Assalamu alaikum. Ni ne jami'in kula da ma'aikata a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke Kakuri, a nan Kaduna. Shekara da shekaru ta hanyar sanayya muke ɗaukar ma'aikata, wannan ya kawo ƙanensa, wancan ya kawo ɗan unguwarsu, kuma mun sha wahala a kan haka, domin sau da yawa sai an miƙa wa mutum littafin sito sannan a gane ba ya iya daidaita lissafin katan ɗin da ya shiga da wanda ya fita. Da muka tashi ɗaukar akawun sito guda biyu a bana, sai na shawo kan mai kamfanin ya yarda a yi wa masu nema gwajin kaifin basira a kwamfuta, irin wanda bankuna ke yi, wato lissafi da fahimtar rubutun Turanci da gano tsarin zane-zane, duka a cikin ƙayyadadden lokaci. Mun sayi gwajin daga masu shirya irinsa, muka kama hayar ɗakin kwamfutoci, muka sanya makin tsallakewa ya zama 60 cikin 100.

A cikin waɗanda suka zauna akwai ɗan yayana, wanda ya gama digiri da bautar ƙasa yana zaune babu aiki. Ya ci 41. Akwai kuma wani bawan Allah da ya daɗe yana yi mana aikin wucin gadi a siton, ya san aikin ciki da waje, ba a taɓa kama shi da rashin gaskiya ba, shi kuma ya ci 54. Yayana, wanda shi ya ɗauki nauyin karatuna bayan rasuwar mahaifinmu, ya ce in gyara makin ɗansa tunda sakamakon a hannuna yake. Da na ƙi, ya daina ɗaga wayata, ya kuma kai ƙarata wurin mahaifiyarmu. Yaron ya daina zuwa gidana, har an gaya mini yana cewa ashe shi daƙiƙi ne bai sani ba. Mai kamfani kuwa ya ce a ɗauki biyun da suka fi kowa maki a rufe magana, amma ban ba da takardun ɗauka ba tukuna. Shin wannan gwajin gaskiya yake faɗa a kan mutane? Kuma yaya zan yi da yayana, da yaron, da wannan ma'aikacin da nake ganin an kusa zaluntarsa da hannuna?

Daga wani ma'aikaci, Kaduna.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na ji nauyin abin da ke damunka, kuma ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya wayi gari wanda ya tsaya masa a matsayin uba yana fushi da shi a kan abin da ya yi don tsare gaskiya. Zan fara da abin da ba ni da shakka a kansa, domin hankalinka ya kwanta kafin mu shiga sauran. Ƙin gyara makin nan da ka yi daidai ne, kuma kada ka janye daga kai ko da fushin ya ƙara tsanani. Sakamakon da ke hannunka amanar mai kamfani ce, amanar kuma duk wanda ya biya kuɗin mota ya zo ya zauna gaban kwamfuta yana kyautata zaton za a yi masa adalci. Bashin alherin da yayanka ke bin ka gaskiya ne, mai girma ne, amma daga aljihunka da lokacinka da ƙoƙarinka za ka biya shi, ba daga haƙƙin wasu 'ya'yan mutane ba. Kuma ka sani, ranar da ka ɗaga wa mutum ɗaya maki, duk wani mai ɗan'uwa a kamfanin ya samu hujja a kanka, tsohuwar hanyar sanayya da ka yi ƙoƙarin toshewa ta dawo, sai dai a wannan karon da kwamfuta a gabanta.

Sai tambayarka ta farko, wadda a ganina ita ce ta fi buƙatar dogon bayani, domin a kanta sauran shawarar za ta tsaya. Irin wannan gwajin yana auna abu na haƙiƙa, wato saurin da mutum ke kama sabon abu, da yadda yake sarrafa alƙaluma, da yadda yake fitar da hukunci daga bayanin da aka ba shi. Ba yau aka fara shi ba. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajinsu a Faransa don gano yaran makaranta da ke buƙatar ƙarin taimako, sannan a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, rundunar sojin Amurka ta fara yi wa sababbin sojoji gwaji a rukuni-rukuni, har ta gwada mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi. Daga nan ne kamfanoni suka ɗauka. Masana suna auna amfanin kowace hanyar zaɓen ma'aikata da wani ma'auni da ke tashi daga 0 zuwa 1, inda 0 ke nufin babu wata alaƙa tsakanin makin mutum da ingancin aikinsa daga baya, 1 kuma ke nufin makin ya faɗi komai ba kuskure. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara binciken shekara 85, suka ba gwajin kaifin basira 0.51, yayin da yawan shekarun da mutum ya yi a aiki ya samu 0.18, yawan shekarun karatu kuma 0.10 kacal. Wannan sakamakon ne ya sa masu sayar da gwaji suke magana da ƙarfin gwiwa har yau. Amma a 2022 Paul Sackett na Jami'ar Minnesota da abokan aikinsa suka sake duba lissafin, suka nuna cewa gyare-gyaren da aka yi wa alƙaluman a baya sun kumbura su, suka sauko da gwajin kaifin basira zuwa 0.31. A sabon lissafin nasu, ganawa mai tsari, wadda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a ba shi maki bisa ƙa'ida ɗaya, ita ce ta zo a gaba da 0.42, gwajin sanin aikin kansa ya samu 0.40, sa mutum ya yi samfurin aikin a gani kuma 0.33.

Abin da waɗannan alƙaluman ke gaya maka shi ne ba ka yi kuskure ba da ka kawo gwajin, domin ya fi kwalin digiri da sanayya nuna wanda zai iya aiki. Suna kuma gaya maka cewa ko a lissafin da ya fi yabonsa, gwajin bai taɓa kusantar 1 ba. Idan ka ɗauki mutum ɗari masu babban maki ka kwatanta su da mutum ɗari masu ƙaramin maki, rukunin farko zai fi yin aiki mai kyau a jimlace, amma a cikin rukuni na biyu za ka tarar da gwanaye, a cikin na farko kuma za ka tarar da waɗanda ba su tsinana komai ba. Kamar awon hawan jini ne a asibiti: abin da na'urar ta nuna ba ƙarya ba ne, amma abu guda ta auna, kuma idan mutum ya shigo a guje ko a tsorace adadin yakan tashi, shi ya sa likitan kirki ba ya yanke hukunci da awo ɗaya. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 54 da 60 a zama guda ba ta isa a ce wannan ya cancanta wancan bai cancanta ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a nan. Mafi yawan waɗancan bincike-binciken an yi su ne a Amurka da Turai, a kan mutanen da aka gwada su da harshen da suka tashi da shi. Mutumin da ya yi firamare da sakandare a makarantar gwamnati a Rigasa ko Tudun Wada, wanda Hausa yake tunani da ita, idan ka ba shi sakin layi mai tsauri da Turanci ga agogo yana gudu a saman allon kwamfuta, to kana auna Turancinsa da sabonsa da kwamfuta tare da basirarsa, kuma maki ɗaya ba zai rarrabe maka wanne ne ya gaza ba. Ko sojojin Amurka na 1917 sun san da wannan, shi ya sa suka shirya gwaji biyu, ɗaya na rubutu, ɗaya na hotuna da alamomi don waɗanda ba su iya karatu ko Turanci ba. Gwajin zane-zanen da John Raven ya fitar a Ingila a 1938 ma an gina shi ne ba tare da kalmomi a cikin tambayoyinsa ba. Batun lokaci kuwa da gangan ake matse shi. Wani sanannen gwaji mai suna Wonderlic yana ba da tambaya 50 a minti 12, kuma mafi yawan masu zama ba sa kai ƙarshe. Wanda ya san haka yana tsallake tambayar da ta tsaya masa ya ci gaba, wanda bai sani ba kuwa sai ya maƙale a tambaya ta bakwai yana gumi har lokaci ya ƙare. Matasan da suka rubuta jarrabawar JAMB daga 2015 zuwa yau sun taɓa amsa tambayoyi a kwamfuta ko da sau ɗaya ne, amma magidancin da ya shafe shekaru tsakanin tirela da sito mai yiwuwa ranar ce ta farko da ya riƙe linzamin kwamfuta da niyyar jarrabawa.

Wannan ya kawo ni ga makin 60 ɗin kansa. Daga ina ya fito? Idan amsar ita ce kun ga ya yi kama da makin da ya dace, to ka ga an rataya makomar mutane a kan adadin da babu wanda ya gwada shi da aikin akawun sito. Ka koma wurin waɗanda suka sayar muku da gwajin ka tambaye su abu uku a rubuce: shin makin yana nufin kashin tambayoyin da mutum ya amsa daidai ne, ko kuwa matsayinsa ne idan an jera shi da sauran waɗanda suka taɓa zama, su wane ne aka kwatanta shi da su, masu digirin da ke neman aikin banki ne ko masu neman aiki irin naku, sannan su ba ka makin kowane sashe daban, na lissafi daban, na Turanci daban, na zane daban. Mai sayar da gwajin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyin bai cancanci a sake ba shi kuɗi ba. A Amurka har gaban Kotun Ƙoli irin wannan magana ta je a 1971, a shari'ar Griggs da kamfanin wutar lantarki na Duke Power, inda kotun ta yanke cewa gwajin da ke tankaɗe wani ɓangare na jama'a fiye da wani dole ne mai aiki ya nuna yana da alaƙa da aikin da ake nema. Hukuncin bai hau kanmu a Najeriya ba, amma ƙa'idar mai kyau ce ga duk mai son adalci. Mu kuma mutanen Kaduna muna da dalilin jin tsoron kalmar gwaji, tun bayan abin da ya faru a 2017 lokacin da gwamnatin jiha ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin kashi 75 a jarrabawar da aka yi musu, aka sallame su, har ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Waccan jarrabawar sanin darasi ce ga waɗanda ke kan aiki, daban take da taku, amma kada ka yi mamaki idan ma'aikatan sitonku suna kallon abin da ya samu abokinsu a matsayin somin-taɓin kora.

To, batun wannan ma'aikacin na wucin gadi shi ne inda nake ganin zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Amfanin gwajin kaifin basira shi ne ya taimaka maka ka yi hasashen yadda baƙon da ba ka sani ba zai yi aiki. Wannan mutumin kuwa ba baƙo ba ne, kun ga aikinsa da idonku, rani da damina, kun ga yadda yake yi ranar da tirela biyu suka iso a tare, kun ga hannunsa a kan kayan da zai iya ɗauka babu wanda ya sani amma bai ɗauka ba. Ajiye wannan shaidar gefe saboda tazarar maki shida a zama guda, fifita hasashe ne a kan abin da aka gani. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, an siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da abu biyu, ƙarfi da amana. Gwajinku yana taɓa wani yanki na ƙarfin iya aiki, amana kuwa ko kusa da ita bai je ba, alhali a aikin sito ita ce ke raba kamfanin da ke cin riba da wanda kayansa ke zurarewa ta ƙofar baya. Sai dai kuma zan ja hankalinka kada tausayi ya rufe maka ido. Sanin inda kowane katan yake da iya sauke kaya daban ne da riƙe littafi, da rubuta rahoto, da shigar da lissafi a kwamfuta, waɗanda su ne aikin akawu. Shi ya sa makin kowane sashe ke da muhimmanci. Idan ya yi kyau a lissafi, Turanci ne ya ja shi ƙasa, to kana da hujja mai ƙarfi. Idan kuwa a lissafin ne ya gaza, to akwai abin dubawa da gaske, kuma kyakkyawan hali ba zai rufe wannan giɓin ba sai da horo.

Shawarata ita ce, tunda ba ka ba da takardun ɗauka ba, ka nemi mai kamfani ya yarda a ƙara mataki na biyu kafin a yanke hukunci. A kira duk wanda ya ci daga wani maki zuwa sama, a sa su yi aikin da kansa. A ba kowa takardar rakiyar kaya da katin shigar kaya da rasit na mako guda, a ɓoye kurakurai biyu ko uku a ciki, misali katan goma sha biyu na taliya da aka rubuta sau biyu, ko buhun sukari da ya fita ba tare da sa hannu ba, a ce ya daidaita lissafin ya nuna inda matsala take. A kai shi cikin sito ya ƙirga wani sashe ya kwatanta da abin da ke littafi. Bayan haka a yi ganawa mai tsari, mutum uku a kan tebur, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kamar me zai yi idan direban da ya girme shi ya matsa masa ya sa hannu a kan kayan da bai ƙirga ba, kuma kowane alƙali ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin su tattauna, domin kada babba ya yi magana sauran su bi. A bar mutum ya amsa da Hausa ko da Turanci, sai dai a sashen da aikin kansa ke buƙatar Turanci. Abu mafi muhimmanci shi ne a rubuta nauyin da kowane mataki zai ɗauka tun kafin a fara, a sa hannu a ajiye. Wannan zai kare haƙƙin mutum biyun da suka fi maki, waɗanda su ma ba su yi laifin komai ba, sun zo sun yi ƙoƙari sun ci, kuma ya kamata makinsu ya bi su zuwa mataki na biyu ya yi musu amfani. Idan sun sake yin fice, to sun ci da hujja biyu, kai ma ka huta da zargin kanka.

A wurin mai kamfani kuwa, ka fahimci cewa umarninsa na a ɗauki biyun farko ba rashin tausayi ba ne. Ya biya kuɗin gwaji ne don ya huta da roƙo da alfarma, kuma duk wata maganar sake dubawa za ta yi masa kama da alfarma ta dawo da sabuwar riga. Don haka ka fara da abin da zai cire masa wannan zaton. Ka gaya masa da bakinka cewa ɗan yayanka yana cikin waɗanda suka zauna, ya ci 41, an nemi ka gyara ka ƙi, kuma kana roƙon a ba wani mutum daban alhakin zaɓar makin da za a fara kira daga kansa, kai kuma ka fita daga cikin alƙalan. Da ma tun ranar da yaron ya miƙa takardunsa ya kamata a yi wannan bayanin, amma yanzu ma bai ɓaci ba. Idan ya ga ba ɗanka kake yi wa hanya ba, zai fi sauraron maganarka a kan ma'aikacin siton. Ka yi masa maganar da harshen kasuwanci: yini ɗaya na ƙarin tantancewa ya fi araha a kan watannin da za a ɓata ana koya wa wanda bai dace ba, ko a rasa amintaccen mutumin da zai ji an wulaƙanta shi ya koma wani kamfanin. Idan ya ƙi, kamfaninsa ne, kada ka mayar da abin rigima. Sai ka nemi abu biyu masu sauƙi, a ɗauki sababbin a kan lokacin gwaji na wata uku zuwa shida da sharuɗɗa a rubuce, shi kuma ma'aikacin wucin gadin a tabbatar da shi a matsayin mataimaki, a koya masa kwamfuta, a ba shi damar sake zama idan gurbi ya samu. Ko wanne aka yi, kai ka kira shi ka yi masa bayani cikin mutunci, kada ya ji labari a bakin leburori.

Ɗanka kuma, a gaskiya 41 ya yi nisa da layin, kuma ba na ba ka shawarar a ja layin ƙasa har ya iske shi, domin kowa zai gane dalili. Amma kalmar da yake jifan kansa da ita ta fi damuna a kan rashin aikin. Matashin da ya gama karatu ya zauna a gida, kullum ana tambayarsa ya ake ciki, da ma a raunane yake, sai ga kwamfuta ta ba shi adadi a gaban baffansa. Kai ne babba, kai za ka neme shi, kada ka jira ya zo. Ka zauna da shi ku biyu kawai, ka nuna masa makinsa na kowane sashe, ka tambaye shi tambayoyi nawa ya kai kafin lokaci ya ƙare. Sau da yawa za ka tarar mutum ya amsa rabin tambayoyin kusan duka daidai, sauran rabin ko karanta su bai yi ba, kuma wannan matsalar dabara ce da atisaye ke gyarawa. Wani babban nazari da John Hausknecht da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa makin mutane yana tashi idan suka sake zama irin wannan gwajin, kuma tashin yakan fi yawa ga waɗanda aka horar. Tunda bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati da dama da irin wannan gwajin suke tankaɗe masu nema, zai sake haɗuwa da shi ko ya so ko bai so ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka saya masa data, ka nemo masa samfuran tambayoyin da ake samu kyauta a intanet, ya riƙa yi kullum da agogo a gabansa, a kan kwamfuta idan da hali ba a waya kaɗai ba. Ya ƙarfafa lissafin kashi cikin ɗari da rabo da karanta jadawali, ya riƙa karanta jaridar Turanci yana taƙaita abin da ya karanta a jimla biyu, ya kuma saba da tsallake tambayar da ta cinye masa fiye da minti ɗaya. Ka kuma tambaye shi ko aikin sito ma shi ne abin da yake so, domin mai yiwuwa don mahaifinsa ya ce ya je ne kawai ya je, alhali fannin da ya karanta yana da tasa ƙofar da za ku fi samun nasara idan kuka ƙwanƙwasa ta tare.

Yayanka kuwa, ka yi masa uzuri. Mutumin da ya yi ɗawainiyar ƙanensa har ya zama wani abu, yau ga ɗansa a zaune, abin da yake ji shi ne ranar da ya buƙace ka ka juya masa baya. Kuma a ƙasar da kowa ya yarda cewa sai mai uwa a gindin murhu ke samun aiki, zai yi masa wuya ya gaskata cewa ba rowa ka yi masa ba. Hujjojin Schmidt da Sackett ba za su shiga kunnensa yanzu ba, kada ma ka ɗauko su. Zumunta a ƙafa take, saboda haka ka daina kiran waya, ka taka ka je. Ka fara da Hajiya, ka yi mata bayani dalla-dalla cewa abin da aka nema daga gare ka cin amana ne wanda zai iya raba ka da aikinka, ya kuma bar yaron da tabon cewa da maguɗi ya shiga, sannan ka roƙe ta ta haɗa ku a gabanta. Idan kun zauna, ka fara da ambaton alherinsa a kanka da bakinka, ka ba shi haƙuri a kan ɓacin ran da ya shiga ba tare da ka ce ka yi kuskure ba, sannan ka ajiye masa abin da za ka yi a aikace: za ka ɗauki nauyin shirya yaron, za ka gyara masa takardar tarihin karatu da aikinsa, za ka riƙa kai shi wurin abokan aikinka na wasu kamfanoni inda ba kai ke riƙe da alƙalami ba, idan kuma da hali ka biya masa kuɗin wani kwas na kwamfuta ko ka tallafa masa da jari. Ka yi alƙawarin abin da za ka iya cikawa kawai. Kada kuma zafin son wanke kanka ya sa ka nuna masa sakamakon sauran masu nema, domin sirrinsu ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta shafi irin wannan. Mai yiwuwa ba zai sauko a zama na farko ba. Ka ci gaba da gaishe shi da zuwa gidansa kamar yadda ka saba, ko da amsar da za ka samu gajeriya ce.

Sauran abin da ya rage na ofis ne. Ka ajiye makin duk wanda aka ɗauka a wannan karon, na gwajin da na samfurin aiki da na ganawa, sannan bayan wata shida ka kwatanta da yadda littafin sitonsa yake fita a ƙirgen ƙarshen wata da abin da shugabansa ke faɗa a kansa. Mutum biyu ba su isa a gina hukunci a kansu ba, amma idan ka ci gaba da tarawa a kowace ɗauka, sannu a hankali za ka ga wane mataki ne ke nuna muku gaskiya a aikinku. Kafin ɗauka ta gaba kuma, ka rubuta ƙa'idar kamfani a shafi ɗaya mai kamfani ya sa hannu: a sanar da masu nema irin gwajin da za a yi tun mako guda kafin ranar, a ba su samfurin tambayoyi, a ba su 'yan mintoci su saba da kwamfutar kafin agogo ya fara, kuma duk jami'in da ɗan'uwansa ke cikin masu nema ya bayyana hakan a rubuce, a miƙa sakamakon ga wani. Allah ya daidaita tsakaninku da yayanka, ya buɗa wa yaron ƙofar da ta fi alheri.